Amsar Baffa: Tanko, Muhammadu da sunan da ake nema a takarda

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka yi ta kame-kame. Ka ce wajen cika takardar fasfo an nemi sunan dangi ka rasa na rubutawa, tunda kai sunan mahaifinka kake sa wa a ƙarshe, 'ya'yana kuwa sunan garinmu. Ka kuma tambayi abin da ya sa duk gari ke kiran mahaifinka Tanko alhali Muhammadu ne a takardunsa. Zan fara da ta biyun, don ita ce tushen ta farkon.

Da wuya ka sami Bahaushe mai suna ɗaya. Akwai sunan yanka, wanda uba ke yi wa jariri huɗuba da shi a kunne, a bayyana shi ran kwana bakwai da sassafe, liman ya yi addu'a, a raba goro da dabino, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Wannan na maza ne a ƙofar gida, kuma kusan kullum sunan annabi ne ko sahabi ko matansu da 'ya'yansu. Amma a cikin gida mata na da nasu. Kakanni da gwaggwanni su ne ke laƙaba wa yaro sunan da zai bi shi har tsufa, kuma ba sa zaɓensa don daɗin ji. Suna duba yadda yaron ya zo duniya ne. Kakarka ta jera mata kafin ta sami namiji, shi ya sa mahaifinka ya zama Tanko. Da mace ce ta zo bayan maza, da Kande ko Delu za a ce mata. Mai bin tagwaye Gambo ne, mai yatsa shida Cindo, wanda aka haifa ana tsaka da ruwan sama Anaruwa, wanda cikinsa ya zarce watannin da aka saba Shekarau. Na ranaku ka san su, su Danladi da Talatu da Balarabe da Lami da Jummai da Asabe, ba sai na tsaya a kansu ba.

Waɗanda nake so ka lura da su su ne sunayen da 'yan zamaninku ke yi wa dariya. In ka ji an kira dattijo Ajuji ko tsohuwa Ayashe, kada ka ce iyayensu ba su da tunani. Uwarsu ta sha binne 'ya'ya ne. Macen da take haihuwa suna mutuwa ana cewa tana wabi, to idan ta sake samu sai a nuna kamar ba a damu da jaririn ba, har wasu kan kai shi bakin juji a ajiye na ɗan lokaci, wata tsohuwa ta je ta ɗauko kamar tsintuwa ta yi, wai don mutuwa ta ga ba abin so ba ne ta wuce. Wasu kuma roƙo suke yi kai tsaye, su ce Abarshi ko Barmani. Malamai sun daɗe suna hana zuwa jujin, kuma gaskiyarsu, rai da ajali na Allah ne. Amma ni ban iya jin sunan in yi dariya, don na san abin da matar ta gani kafin ta kai ga sa shi.

Sai alkunya, wadda ita ce ta sa laƙabi ya fi sunan yanka ƙarfi. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, mace ba ta kama na mijinta ko na surukanta. Har kakarka ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babbar yayarmu a bakinta ba, sai dai ta ce "ke" ko "ku kira min waccan". To yaya za a yi in an mayar wa yaro sunan kakansa, kuma uwarsa za ta kira shi sau goma kafin azahar? Sai a ce Abba ko Baffa ko Babangida, mace kuma Ummi ko Uwani. Wasu sunayen ma sun riga sun sami abokin tafiya: Abubakar Garba, Umaru Sanda, Yusufu Maitama, Fatima Binta, A'isha Indo, Hauwa Kulu. Usman kuwa Shehu ake ce masa don girmama Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya sa Shehu Shagari, wanda ya yi shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, sunansa na yanka Usman. Gidan da aka cika son sunan Manzon Allah kuma sai a yi ta sa Muhammadu ana ƙirgawa da Larabci: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru na goma.

Yanzu ga maganar fasfo. Gaskiyar ita ce ba mu gaji sunan dangi irin na Turawa ba. A da ana cewa wane ɗan wane, ko a haɗa mutum da sana'arsa ko sarautar gidansu ko unguwarsu, kuma ya isa, don kowa ya san kowa. Makarantar boko ce ta zo da rajista mai gurbi biyu. Malami ya tarar da Muhammadu shida a aji ɗaya, ga shi yaro na jin nauyin faɗin sunan ubansa a gaban mutane, sai a rubuta garin da ya fito. Haka aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna kansa Ahmadu Raba ake ce masa yana Kwalejin Katsina, daga baya ya ɗauki Bello, sunan kakan mahaifinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina, sai ga ta ta zama sunan gida daga Musa zuwa 'ya'yansa Shehu da Umaru. Ɗantata kuwa ya samo asali ne daga Tata, matar da ta raini Alhasan, attajirin Kano da ya rasu a 1955, yau jikoki da tattaɓa-kunne duk da shi ake kiransu. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi tsayawa a kan suna da sunan uba, sai dai rubutun Faransanci ya sauya musu kama, Usman ya koma Ousmane, Yusufu ya koma Issoufou.

Abin da ya faru a gidanmu ke nan. Ni an kai ni makarantar kwana a wani gari, aka rubuta ni da sunan garinmu, 'ya'yana suka gada. Mahaifinka a gida ya yi karatu, inda sunan garin ba zai bambanta shi da kowa ba, sai aka rubuta shi da sunan kakanka, kai kuma aka rubuta ka da nasa. Babu wanda ya yi kuskure.

Shawarata, ka bar abin da ke kan takardar haihuwarka da ta makaranta yadda yake, ka tabbata shi ne a katin ɗan ƙasa da banki da fasfo, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa ka yi ta zirga-zirgar rantsuwa a kotu. 'Ya'yanka kuwa, in Allah ya kawo su, ka sa musu sunanka a tsakiya, na mahaifinka a ƙarshe, kuma duka iri ɗaya. Mai ɗakinka ka bar ta da sunan mahaifinta, Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya ce a kira mutane da sunan iyayensu maza, aure bai canja wannan ba.

Ka gaishe ta, ka gaida mahaifiyarka. In ka zo hutun sallah ka tuna min in kai ka wajen gwaggonka, ita ta fi ni riƙe sunayen kakanninmu na wajen uwa.