Abin da ya sa ba ma ɗauko yaro rana ɗaya mu taho

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Kin tambaye ni dalilin da ya sa mu mazauna Ingila, idan aka yi rasuwa ko ciwo ya tsananta a gida, sai a ga mutum ya sauka shi kaɗai, ba mata ba goyo. Kin ce har an fara cewa muna raba 'ya'yanmu da danginsu. Maganar ta dame ni, domin na san yadda ake ɗokin ganin yaran nan. Ga yadda abin yake.

Babba yana iya jin labari da asuba ya kwana a Abuja, tunda daga Landan tafiyar awa 6 ce da 'yan kai. Yaro kuwa, ko zai tafi ko ba zai tafi ba, tun watanni kafin labarin ya zo aka riga aka yanke. Yanzu ba a rubuta sunan jariri a fasfon uwarsa kamar da, ko kwana 10 gare shi sai da nasa. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan da aka haifa a waje ɗan Najeriya ne muddin uwa ko uba ɗan ƙasa ne, amma ma'aikacin filin jirgi takarda yake son gani: ko fasfon Najeriya, wanda sai da lambar NIN, ko biza a cikin fasfon nan Birtaniya. Na nan ɗin kuma, na yara shekara 5 yake yi ya ƙare, kuma ko na gaggawa aka nema sai an jira mako guda. Akwai takardar tafiyar gaggawa da ofishin jakadanci ke bayarwa, sai dai ta zuwa ce kawai, ba a dawowa da ita. Shi ya sa a cikinmu ana gama hidimar suna ake shiga neman fasfo, kuma waɗanda suka daɗe a nan ba sa gajiya da tuna wa sababbin zuwa cewa shirin zaune ya fi na tsaye.

Sai izinin uba. Wata dokar nan Ingila ta 1984 ta ɗauki fitar da yaro daga ƙasar ba da yardar duk mai haƙƙi a kansa ba a matsayin laifi, ko da mahaifiyarsa ce ta fita da shi. Yawancinmu mata kuma sunan ubanninmu muke amfani da shi, bai zo ɗaya da na yaran ba, don haka a kan iyaka ana iya tsayar da mace a tambaye ta mene ne tsakaninta da yaron da ke hannunta. Takardar haihuwa da wasiƙar izini mai sa hannun uba ba sa barin jakarmu.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar lafiya, kuma nan nake so ki fahimce ni sosai. Ana son duk wanda ya kai wata 9 ya yi rigakafin shawara kafin ya je Najeriya, kuma katin shaidar ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, amma wanda ba a yi wa ba, babu yadda za a gajarta kwana goman nan. Ƙyanda ma haka: a nan sai yaro ya shekara ake masa allurarta, in tafiya ta taso likita kan yi masa tun daga wata 6, a sake daga baya. Zazzaɓin cizon sauro shi ne babban tsoronmu. Yaron da aka haifa a nan jikinsa bai taɓa haɗuwa da shi ba, zazzaɓin da ɗan gida zai kwanta da shi ya tashi yana iya galabaitar da namu cikin kwana ɗaya ko biyu. Mu kanmu manya, shekarun da muka yi a nan sun zubar da ɗan juriyar da muka taso da ita, kuma mafi yawan masu dawowa ƙasar nan da cutar masu zuwa ganin dangi ne irinmu. Maganin kariya da nauyin yaro ake auna shi. Wani ana fara shi kwana 1 ko 2 kafin tafiya, wani sai da mako 2 zuwa 3, wani kuma sam ba a ba ƙananan yara. Don Allah idan kika ga muna nacin gidan sauro tun magariba, kada a ɗauke shi a matsayin iyayi. Ko bayan mun dawo, har shekara guda, da jikin yaro ya yi zafi asibiti muke nufa mu faɗi inda muka je.

To idan labari ya zo bagatatan, abin da muke yi shi ne rabuwa biyu. Wanda rasuwar ta fi shafa ya kama hanya, ɗayan ya zauna da yara. In uwar ce za ta tafi, mata 'yan'uwa na unguwa da na masallaci su raba aikin a tsakaninsu: wannan ta kai makaranta, waccan ta ɗauko, wata ta riƙe su har uban ya taso daga aiki. Ba a jira a roƙa. Yaron da ya kai shekarun makaranta ba a cire shi sai da izinin shugaban makarantar, in ba haka ba a ci iyaye tara. Mai shan nono ne kaɗai ba a bari, in takardunsa sun cika uwar ta rungume shi a cinya, tunda ɗan ƙasa da shekara 2 ba dole sai da kujerarsa ba, ta riƙa ba shi nono lokacin tashi da saukar jirgi saboda kunnensa.

Alfarma ɗaya nake nema, Yaya, ki isar mini ga manya. Ku daina ɓoye mana ciwo don gudun tayar mana da hankali. Na san tausayi ne ke sa ku yin shiru, amma da za a faɗa mana tun ranar da aka kwantar da mutum, mako 3 sun ishe mu yin allurai, mu duba fasfo, mu nemi izinin makaranta, mu kawo yaran a gan su tun mara lafiyan yana iya sa musu albarka.