Tambaya da Amsa: Katin kasuwanci mai siffa ta daban, riba ce ko ɓarnar kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne, shekarata ta uku ke nan a sana'ar, kuma ina shirin buga katin kasuwanci a karo na farko. Ba na son irin wanda kowa ke yi, wato farar takarda mai kusurwa huɗu. Abin da ke raina shi ne kati zagayayye kamar idon kyamara, na roba garai-garai wadda ake hango abin da ke bayanta, da lambar QR a tsakiya, wato murabba'in ɗigogin nan da ake haskawa da kyamarar waya ya kai mutum shafin intanet. Abokin aikina ya ce ɓarnar kuɗi ce, ni kuma ina ganin irinsa ne zai sa a tuna da ni. Wa ya fi gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Na ji daɗin wannan tambaya, domin na daɗe ina aikin zane da ɗab'i, kuma kusan duk wanda ya zo da shawarar kati irin naka, tunaninsa yana kan lokacin miƙawa ne, lokacin da mai karɓa zai juya katin a hannunsa ya ce kai, wannan ya yi kyau. Wannan lokaci daƙiƙa goma ne ko ƙasa da haka. Aikin kati na gaskiya sai bayan kun rabu yake farawa: ya shiga aljihu ko walat, ya kwana a can wata biyu, ranar da buƙatar mai hoto ta taso a lalubo shi, a karanta lambar da ke jiki ba tare da wahala ba. Da wannan ma'auni nake auna kowane kati, kuma da shi zan auna naka.

Kana da gaskiya a abu guda. Mutumin da ya dawo daga taro ko baje koli da kati talatin a aljihu, duk farare, duk girmansu ɗaya, washegari ba zai iya haɗa fuska da suna ba. Wanda ya fita daban shi ne ke tsayawa a rai. Hannu ma yana da nasa hukunci, kafin ido ya karanta komai yatsu sun riga sun ji kauri da santsi ko kaushin abin da aka ba su. Ga kuma wani amfani da ba a cika lura da shi ba: baƙon kati yana buɗe hira. Mai karɓa zai tambaye ka yadda aka yi shi, kai kuma ka sami hanyar shiga maganar aikinka.

Amma ka dubi katunan da suka yi suna a duniya saboda siffarsu. Marigayi Kevin Mitnick, Ba'amurken da ya yi zaman gidan yari saboda kutsen kwamfuta kafin ya koma mai ba kamfanoni shawara kan tsaro, katinsa na ƙarfe ne, a jikinsa an yanka ƙananan kayan buɗe kwaɗo waɗanda ake iya ɓallewa. Wasu ma'aikatan kamfanin Lego kuwa, katinsu ɗan mutum-mutumin nan ne na roba da kamfanin ke ƙerawa, da sunansu da bayanan tuntuɓarsu a jikinsa. A duka biyun, siffar katin ita ce bayanin sana'ar mai shi, ko da ba ka karanta harafi ɗaya ba. Da lauya ko akawu ne ya miƙa maka katin Mitnick, da sai ka tsaya kana tunanin me ya haɗa shi da kwaɗo. To a nan shawararka tana da tushe, idon kyamara da mai hoto sun dace. Inda take da rauni shi ne ka tara baƙin abubuwa uku a kati ɗaya, siffa da roba da QR, alhali taura biyu ma ba ta taunuwa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Girman katin da aka saba gani yana da dalili. Katin banki a ko'ina a duniya tsawonsa milimita 85.60 ne, faɗinsa 53.98, bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO/IEC 7810, kuma da wannan awo ake ɗinka aljihunan walat. Katin kasuwanci kusa da nan yake zama: a yawancin ƙasashen Turai milimita 85 da 55, a Amurka da Kanada inci 3.5 da 2, wato kimanin milimita 89 da 51, a Japan milimita 91 da 55. Yanzu ɗauki naka zagayayye. Idan kana son ya shiga inda katin banki ke shiga, faɗinsa ba zai wuce milimita 54 ba. Filin da'ira mai wannan faɗi bai kai rabin filin kati mai 85 da 55 ba. Cire milimita 3 da ake bari a gefe don kada wuƙa ta ci rubutu, ka tuna kuma layin rubutu miƙaƙƙe ne, sama da ƙasan da'ira kuwa a tsuke suke. Me ya rage maka? Suna, lambar waya, wataƙila imel da haruffan da sai an ƙanƙance ido. Idan kuma ka faɗaɗa shi zuwa milimita 70 ko 80 don ya ɗauki bayani, ba zai shiga walat ba, sai ya zauna a aljihun riga, daga nan sai wanki ko kwandon shara. Wannan ita ce matsalar da na fi gani, kuma ba ruwanta da kyan zane. Na taɓa yi wa wani kati mai siffar ganye, ya fito yadda muke so, bayan 'yan watanni ya dawo ya ce a buga masa na yau da kullum, saboda tsinin ganyen yana lanƙwashewa tun kafin katin ya bar hannunsa.

Siffa ta daban tana ƙara kuɗi ta hanyar da ya kamata ka sani. Kati mai kusurwa huɗu wuƙar maɗaba'a ce ke datse shi, ɗaruruwa a sara ɗaya. Zagayayye ko mai lanƙwasa sai an ƙera masa wuƙa mai siffarsa, ko a yanka da na'urar leza, wadda take da jinkiri. Kuɗin ƙera wuƙar ɗaya ne ko kati ɗari ka buga ko dubu biyar, don haka mai ƙaramin aiki ya fi jin nauyinsa. Abin da ke biyo baya shi ya fi damuna. Mutum ya kashe kuɗi mai yawa a kan kati, sai ya fara rowarsa, yana duban fuskar mutane yana zaɓen wanda ya cancanta. Katin da ke kwance a akwati ba ya kawo wa kowa ciniki. Ranar da ka canja lambar waya kuma, duk sauran sun tashi aiki.

Sai roba garai-garai. Tana da kyau a hannu, ba ta jin ruwa, ba ta yagewa. Sai dai ka san injin ɗab'i na yau da kullum da tawada huɗu yake aiki, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, waɗanda ake kira CMYK, kuma babu fari a cikinsu. Farin da kake gani a hoton da aka buga, farin takarda ne. Idan ka cire takarda ka sa roba mai nuna bayanta, launuka za su fito a dusashe, sai an shimfiɗa farar tawada a ƙarƙashinsu, kuma ba kowace maɗaba'a ke da ita ba. Ga mai hoto wannan babban lamari ne, launi shi ne jarinka. Rubutun ma ya dogara da inda aka ajiye katin: baƙin rubutu a kan baƙin tebur ya ɓace. Mutane da yawa yanzu hoton kati suke ɗauka da waya manhaja ta kwafe lambobin, kuma ƙyallin roba da abin da ke bayanta suna rikita wannan karatu. Biro ba ya kama ta, don haka ba za ka iya rubuta wa mutum ranar da za ku haɗu a bayan katin ba, shi ma ba zai iya rubuta inda ya san ka ba. Takarda mai rufin leda mai sheƙi ma wannan ciwon gare ta.

Lambar QR ita ce na fi goyon baya a cikin ukun, domin mai hoto ba ya iya zuba ayyukansa a kati, amma yana iya kai mutum inda suke. Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bibiyar sassan motoci a masana'anta, kuma an tsara ta ne a matsayin ɗigo masu duhu a kan fili mai haske. Tana buƙatar fili wayam a kewayenta mai faɗin ɗigo huɗu daga cikin ɗigonta. A kan roba garai-garai babu wannan fili mai haske sai ka buga shi da farar tawada, idan kuwa ka buga farin murabba'i a tsakiyar idon kyamararka, ka toshe abin da ya sa ka zaɓi robar tun farko. Kada girmanta ya gaza santimita 2 a kowane gefe, kuma adireshin da ke cikinta ya zama gajere, saboda dogon adireshi yana ƙara yawan ɗigo su ƙanƙance. Tana iya jure lalacewa daga kashi 7 zuwa kashi 30 cikin ɗari gwargwadon matakin da aka zaɓa, don haka idan za ka sa tambarinka a tsakiyarta, sai a zaɓi mataki mafi girma. Ka kula da wani tarko: akwai shafukan da ke haɗa maka QR wadda ke bi ta adireshinsu kafin ta kai naka, ranar da ka daina biyan kuɗin wata sai lambar ta mutu a kan duk katunan da ka raba. Ka sa adireshin da kai ke da iko da shi. Kuma QR ba ta maye gurbin lambar waya da aka rubuta ɓaro-ɓaro, akwai mai tsohuwar waya, akwai wanda ba shi da intanet a lokacin.

Shawarata ita ce ka bar kati a girmansa na walat, ka zuba ƙwarewarka a abu ɗaya. Ɗauki takarda mai kauri, mai nauyin giram 350 zuwa 400 a kowane murabba'in mita, marar sheƙi. A fuska ɗaya a huda rami zagayayye kamar milimita 20 a gefe guda, a zana zoben idon kyamara a kewayensa. Duk wanda ka ba wa zai ɗaga katin ya leƙa ta ramin, ka ga ka sami hirar da kake so, ka sami abin tunawa, katin kuma yana shiga walat lafiya lau. Idan huda ta yi maka tsada, akwai hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi dacewa da sana'arka: bayan kowane kati ya ɗauki hoto daban daga cikin ayyukanka. Kamfanin MOO na Landan da wannan dabara ya yi suna tun 2006, kuma injinan ɗab'i na zamani da ke karɓar aiki kai tsaye daga kwamfuta suna yin haka ba tare da wata wahala ba. Ka baje hotuna goma a gaban mutum ka ce ya zaɓi wanda ya yi masa, ka ga ya kalli aikinka sau goma kafin ya tafi, kuma abin da mutum ya zaɓa da hannunsa da wuya ya yar. A nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu.

Idan har zuciyarka ta ƙi rabuwa da zagayayyen na roba, ban hana ka ba. Buga kaɗan, hamsin ko ɗari, ka riƙa sa su cikin ambulan ko albam ɗin da kake miƙa wa wanda ka gama yi wa aiki, inda babu maganar walat. Na yau da kullum kuma su zama na rabawa ba tare da lissafi ba. Ka duba kuma wa kake ba wa. Masu shirya biki da masu tallar kaya suna son abin da ya fita daban, ofishin da ke neman mai ɗaukar hotunan ma'aikata ya fi son abin da zai shiga ma'ajiyar katuna tare da sauran.

Kowanne ka zaɓa, kada ka yarda a buga maka duka sai ka riƙe samfuri a hannunka, gani ya kori ji, kuma launin allon kwamfuta daban yake da na tawada. Haruffan lambar waya kada girmansu ya gaza lamba 8 a ma'aunin girman rubutu na kwamfuta. Idan sunanka ko sunan sana'arka yana da harafi mai lanƙwasa kamar ɗ ko ƙ ko ɓ, ka tabbata salon rubutun da mai zane ya ɗauko yana da su, yawancin salon ado ba su da su, sai ka ga harafi ɗaya ya fito da wata kama dabam a tsakiyar suna. Idan samfurin ya zo, sa shi a walat ɗinka ka yi mako guda kana zama a kansa, ka gwada rubutu a bayansa da biro, ka gwada QR ɗin da wayoyi uku mabambanta da rana da kuma da daddare, sannan ka miƙa wa wani dattijo ka roƙe shi ya karanto maka lambar wayar.