Tambaya da Amsa: Fentin Tankin Babur da Daidaita Shokazobar Gaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sake wa tankin babur ɗina fenti da irin na gwangwani da ake fesawa, ya fito da kyau har na yi ta murna. Bayan mako biyu na je shan mai, fetur ya ɗan zuba a gefen murfi, da na sa tsumma zan goge sai fentin ya biyo tsumman. Yanzu wurin ya kumbura yana ɓarewa. Ina kuskuren yake, kuma me zan kiyaye idan zan sake?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Laifin yana ga nau'in fentin da ka zaɓa. Fentin gwangwani na yau da kullum yana bushewa ne idan ruwan da ya narkar da shi ya bi iska, don haka duk ranar da ya sake haɗuwa da abin da ke narkar da shi, kamar fetur, sai ya sake yin laushi. Abin da tanki yake buƙata a samansa shi ne fenti marar launi wanda masu sana'ar suke kira 2K, wato wanda ake gauraya shi da sinadarin taurarawa kafin a fesa. Sinadaran biyu suna haɗewa ne su zama ɓawo mai tauri wanda fetur ba ya cin sa cikin sauƙi. Akwai ma irinsa na gwangwani mai maɓalli a gindi, ana dannawa sinadaran su gauraya, sai dai daga nan dole a yi amfani da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba ya daskare a ciki.

Kafin ka taɓa samfefa, cire tankin, ka tsiyaye man tas, ka kwance famfon mai da murfi, ka wanke ciki da ruwa da sabulu, sannan ka bar shi a buɗe ya sha iska har warin ya fita. Tankin da babu mai a ciki amma yana cike da tururin fetur ya fi wanda yake cike da mai haɗarin fashewa, saboda haka kada injin gogar ƙarfe ko wutar walda su kusance shi a wannan hali. Ka haska ciki da tocila. Idan akwai tsatsa, yanzu ne lokacin maganinta, domin ruwan da ake wanke ta da shi zai iya ɓata sabon fenti, kuma garinta ne yake gangarawa ya toshe kafireta.

Kada ka ɗora sabon fenti a kan wanda ya riga ya lalace. Kankare shi har ƙarfe ya bayyana, ka fara da samfefa mai lamba 180, ka cike inda ya lotsa da filla, wato ƙullun cike rami, kaɗan kaɗan, ka goge ya daidaita, sannan ka fesa furaima, wato fentin shimfiɗa na farko, a ranar, domin tsiraicin ƙarfe ba ya jimawa bai kama tsatsa ba. Idan furaimar ta bushe, ka bi ta da samfefa mai lamba 400 zuwa 600. A nan ne mafi yawan mutane suke gajiya, alhali fenti mai sheƙi ba ya rufa wa rami asiri, ƙara fito da shi yake yi. Ka shafa tafin hannu a jikin tankin idanunka a rufe, duk tudun da ka ji to za ka gan shi bayan fenti. Daga nan ka goge maiƙo, kada kuma yatsa ya sake taɓa wurin, domin ɗan maiƙon hannu ya isa ya sa fenti ya yi ƙananan ramuka kamar idon kifi.

Launi kuwa a fesa shi sirara sirara sau biyu ko uku, daga nisan santimita 15 zuwa 20, da tazarar kamar minti 10 zuwa 15 a tsakani, a inda babu ƙura. Idan akwai sitika, a manna ta kafin fentin sama. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne bakin tanki: kada fenti ya hau inda robar murfi take zama, amma ka tabbata fentin sama ya rufe gefen launin gaba ɗaya, don ta wannan gefen ne fetur yake kurɗawa ƙarƙashi ya ɗaga fentin. Ka sani kuma 2K yana ɗauke da sinadarin da ke illata huhu, ƙyalle a hanci ba ya tare shi, sai takunkumin masu fenti mai matata, a wuri mai iska. Bayan ka gama, ka yi haƙurin kamar mako guda kafin fetur ya shiga tankin.

Tambaya: Malam, idan na matsa birkin gaba sai kan babur ɗin ya nutse har in ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. An ba ni shawarar in juye man shokazobar in zuba baƙin mai mai kauri. Ko hakan daidai ne?

Amsa: Ban goyi bayan wannan shawara ba, Malam. A cikin kowace ƙafar shokazoba akwai sifirin da mai, kuma aikinsu daban ne. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi, mai kuma yana rage saurin nutsewa da dawowa ne yayin da yake bi ta ƙananan hudoji. Mai kauri fiye da kima zai sa gaban ya yi tsauri a gargada, ya kuma kasa dawowa da wuri tsakanin rami da rami, amma ba zai ɗaga sifirin da ya gaji ba.

Fara da awo. Ɗaura siririyar robar ɗaure waya a jikin bututun shokazobar mai sheƙi, ka tura ta har ta taɓa robar tare ƙura. Ka hau a hankali da hular kwanonka, ƙafafu a kan mataka, wani ya riƙe maka babur ɗin, sannan ka sauka ba tare da girgiza ba, a ɗaga tayar gaba daga ƙasa, a auna tazarar da ke tsakanin robobin biyu. Ana son ta kasance tsakanin rubu'i da sulusin dukkan tafiyar shokazobar, wato milimita 30 zuwa 40 ga wadda take tafiyar milimita 120. Idan ta zarce haka, a ƙara matse sifirin ta notin daidaitawa da ke sama, ko a ɗora ɗan guntun bututu a kan sifirin idan babur ɗin ba shi da notin. Wannan matsewar tsayin gaban kawai take gyarawa, ba ta ƙara wa sifirin ƙarfi, don haka idan an auna tsawonsa aka ga ya gaza abin da littafin babur ɗin ya ƙayyade, sai dai sabo.

Sau da yawa kuma matsalar ƙarancin mai ce. Iskar da ke saman man tana aiki kamar sifirin na biyu, tana ƙara tauri idan an kusa ƙurewa, kuma idan mai ya ragu sai wannan taurin ya tafi. A zuba ainihin man shokazoba, galibi mai lamba 10W sai in kamfanin ya faɗi wani, a auna tsayinsa daga bakin bututu bayan an cire sifirin an kuma danne ƙafar har ƙasa, ƙafafun biyu su zo daidai da juna.

Tambaya: Sau biyu ina canza robar tare mai a ƙafar hagu, amma har yanzu tana yoyo.

Amsa: Duba bututun, ɗan'uwa. Bi jikinsa da farce, idan ka ji tabon tsatsa ko kaifin da tsakuwa ta bari, shi ne yake yanka kowace sabuwar roba. Ƙaramin tabo yakan gyaru da samfefa mai laushi sosai, amma bututun da ya ci rami ko ya lanƙwashe sai canji. Kada ka jinkirta, domin man da ke gangarowa yana iya kaiwa ga birki, kuma takalmin birkin da ya sha mai ba ya wankuwa, shi ma sai an sa sabo.