Tambaya da Amsa: Zan iya kiwon kunamar ruwa a gidana a Gombe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Gombe ne, kuma shekara uku ke nan ina kiwon ƙananan kifayen ado a akwatin gilashi mai cin lita 200. Kwanan baya na ga bidiyon wani kifin teku mai faɗi kamar faifai, mai ɗigo-ɗigon shuɗi da doguwar wutsiya, kuma wani mai sayar da kifi a Legas ya ce zai iya samo mini shi. Idan na zuba gishiri a akwatina, zan iya ajiye shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kifin da ka siffanta ɗaya ne daga dangin da masunta Hausawa ke kira kunamar ruwa saboda ƙaya mai dafi da ke kan wutsiyarta, kuma masana na kiran wannan nau'in Taeniura lymma. Tana zaune a Bahar Maliya da Tekun Indiya har zuwa yammacin Tekun Pasifik. Ita da kifin shak dangi ɗaya ne, domin jikinsu guringuntsi ne, babu ƙashi. Shawarata ita ce kada ka saye ta, domin a cikin duk danginta wannan mai ɗigon shuɗin ce ta fi ƙaurin suna wajen ƙin cin abinci idan an tsare ta, sai ta yi ta ramewa har ta mutu, ko da a hannun waɗanda suka daɗe a harkar.

Akwatinka ya yi mata kaɗan ƙwarai. Faɗin jikinta kan kai santimita 35, ban da wutsiya, kuma a ƙasa take rayuwa, don haka faɗin gindin akwati ya fi zurfinsa muhimmanci. Ko ƙananan nau'o'in da suka fi juriya, irin Urobatis jamaicensis ta yankin Karibiyan, ana fara musu ne da kusan lita 700, wato ruwan kaɗai ya haura kilo 700 kafin a haɗa da gilashi da yashi. Yashin ma dole ya zama mai laushi, domin takan binne kanta a cikinsa ta bar idanu a waje, kuma tsakuwa mai kaifi tana gurje mata ciki, gyambo ya biyo baya.

Batun zuba gishiri kuwa, gishirin miya ba ya mayar da ruwan rijiya ruwan teku. Ruwan teku na ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma gishirin haɗi ne na sinadarai da yawa, har da magniziyam da kalsiyam, wanda ake sayarwa musamman don wannan kiwon. Lita 700 za ta ci kusan kilo 24 da rabi a zubin farko, sannan duk bayan mako biyu za ka sauya wani kaso na ruwan da sabon haɗi da aka yi da tataccen ruwa. Lokacin hunturu iskar nan busasshiya tana shanye ruwa da sauri ta bar gishirin, saboda haka abin da ya ragu da ruwa zalla ake cike shi. Wanda ya cike da ruwan gishiri yana ƙara wa kifinsa azaba ne bai sani ba.

Abin da ya fi damuna a kanka shi ne wuta da zafi. Wannan kifi yana son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai digiri 40, kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Kunamar ruwa mai cin nama ce, jatan lande da yankakken kifi take ci, kashinta kuma yana sakin amoniya mai yawa, wato sinadari mai guba ga kifi, wadda wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a matatar ruwa suke sarrafawa muddin famfo yana juyawa. Idan aka ɗauke wuta da tsakar dare a bazara, famfo ya tsaya, na'urar sanyaya ruwa ta tsaya, iskar ruwan za ta yi ƙasa cikin 'yan sa'o'i, ƙwayoyin matatar su fara mutuwa, kuma kafin asuba an yi asara. Wanda ba shi da sola da inbata masu ɗaukar waɗannan na'urori dare da rana bai kamata ya soma ba. Ka kuma sani cewa magungunan kifi masu sinadarin jan ƙarfe guba ne ga kunamar ruwa.

Kada a manta da wutsiyar, musamman a gidan da ke da yara. Ba ta kai hari haka kawai, amma idan ta firgita tana harbi, kuma irin wannan ƙayar ce ta soki Steve Irwin, mai shirin namun daji na Ostareliya, a ƙirji a 2006, ya mutu. Wanda aka harba a hannu ya tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, kusan digiri 45, sannan a garzaya asibiti, domin guntun ƙayar kan karye a cikin nama.

Wataƙila wani ya ce maka ai akwai ta kusa, tunda Kogin Gongola da ya ratsa Dadin Kowa yana zuba a Binuwai a Numan. Gaskiya ne akwai kunamar ruwan da ba ta buƙatar gishiri a Binuwai da Neja, wato manyan kogunan nan biyu, wadda masana suka siffanta a 1962 suka laƙaba mata sunan garin Garwa na Kamaru, amma yawanta ya ragu har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ta cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, don haka ina roƙonka kada ka sa masunta su kamo maka ita.

Idan ruwan gishirin ne ya burge ka, akwatinka na lita 200 ya isa kifaye biyu na Amphiprion ocellaris, masu ruwan lemo da fararen zane, waɗanda ake ƙyanƙyashewa a gonakin kifi. Ka bar matatar ta yi mako huɗu zuwa shida tana aiki kafin ka saka su, ka riƙa rubuta zafin ruwan safe da yamma har ƙarshen Afrilu, sannan ka aiko mana da abin da ka gani.