Amsa: wane injin kwaɓa fulawa zan saya?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tunda kin ce kek da donat kike yi a gida, wani lokaci da burodi, ki bar maganar miksar hannu. Tana buga ƙwai da bota lafiya lau, amma kwaɓin burodi mai tauri ne, nan da nan za ki ji tana ƙauri.

Ki nemi miksa ta girke, wadda ake ajiyewa a kan tebur, mai kwanon silba na lita 4 zuwa 5, da kai uku: ƙugiyar murza kwaɓi, na kek, da na buga ƙwai. Kar yawan wat ɗin (ma'aunin wutar da injin ke ja) da aka manna a kwali ya ruɗe ki. Ɗaga ta ki ji, mai nauyi ba ta yawo a kan tebur.

Sai maganar wuta. Tamu volt 230 ce, ta Amurka 120, don haka miksar kamfanin KitchenAid da aka kawo daga can sai da taransifoma, in ba haka ba ta ƙone. Kenwood ta Ingila kuwa jonawa kawai za ki yi. In gwanjo za ki saya a Sabon Gari, a kunna miki a shagon, ki saurari ƙararta kafin ki biya.