Tambaya da Amsa: Me yasa kayana basa isowa sai yayinsu ya wuce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni 'yar kasuwa ce ina saro kayan sawa daga waje, riguna da wanduna na yara, amma kullum matsalata ɗaya kaya basa zuwa akan lokaci, zan bada oda in biya rabin kuɗi a ce min wata biyu sai ya kai huɗu, kafin su iso yayin ya wuce sai dai in karyar dasu. Wai su manyan kamfanoni ya suke yi ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Toh kinga ke mai ɗinkin kawai kike gani, alhali riga ɗaya kafin ta zo hannunki ta bi ƙasashe uku ko huɗu, audugar wataƙila a Indiya ko Amurka ko Brazil aka noma ta, a Sin aka saƙa yadin aka rina, sannan a kai Bangladesh ko Vietnam a ɗinka, zif da maɓalli ma daga wani wajen suke zuwa. Bangladesh ɗin nan fiye da kashi 80 cikin 100 na abinda take fitarwa waje tufafi ne, amma audugar kusan duk shigo da ita take yi. Dan haka idan yadi ya makara sati uku, tela na zaune ne kawai yana jira, kuma ba zai gaya miki ba wallahi, sai dai kiyi ta jin "an kusa".

Sai kuma teku. A watan Maris na 2021 jirgi ɗaya mai suna Ever Given ya maƙale a mashigar ruwa ta Suez dake ƙasar Masar kwana shida, jirage ɗaruruwa suka yi layi a bayansa. A wannan shekarar ta 2021 kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 40 ya haura dala dubu goma, abinda kafin korona bai kai dubu biyu ba. Ƙarshen 2023 da aka fara kaiwa jirage hari a Bahar Maliya sai suka koma zagayawa ta kudancin Afirka, ƙarin wajen kwana goma kenan. Ga hutun sabuwar shekarar Sinawa a Janairu ko Fabrairu da masana'antu ke rufewa ma'aikata su tafi garuruwansu, wanda duk ya bada oda dab da lokacin ya shirya jira.

Su manyan ba wani siddabaru suke ba, raba kaya suke gida biyu. Zara, wani babban kamfanin tufafi na ƙasar Sifen misali, kayan yayi masu saurin tsufa tana ɗinka yawancinsu kusa da gida ne, Sifen da Portugal da Maroko da Turkiyya, ɗinkin ya fi tsada amma cikin 'yan makonni kaya na kanti, su kuma irin farar singileti da ba ruwanta da yayi sai a kai Asiya inda yake da araha tunda ba sauri ake ba. Ke ma haka zaki yi daidai ƙarfinki, kayan kullum ki loda a jirgin ruwa da wuri, na yayi ki ɗauko kaɗan ko ta jirgin sama ne, in sun karɓu ki ƙara. Ni dai a ganina arahar da ta riƙe miki jari wata huɗu sannan kika karyar ba araha bace.

Kafin ki tura kuɗi ki tambayi mai ɗinkin yadin yana ƙasa ko sai an saƙa, kuma a wace masana'anta za'a ɗinka, dan da yawa suna karɓar aiki fiye da ƙarfinsu su miƙa ma wasu a ɓoye. Lokacin da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh a 2013 mutum sama da 1,100 suka mutu, wasu kamfanonin sai a lokacin suka gane ana ɗinka kayansu a ciki. Ki sa a rubuta ranar loda kaya a takarda, kar ki cika kuɗi sai wani naki ya duba kayan da idonsa, sannan ki fara gwada wani mai ɗinkin na biyu da ƙaramar oda tun yanzu da baki matsu ba. Ranar da kike so kaya su kasance a hannunki ki lissafo baya da wata huɗu, nan ce ranar odarki.