Trotro ya buge yarona a kwana, wai kuma laifin mai keke ne?

Hajiya sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Yadda na fahimci saƙonki, yaron na tafiya kan kekensa a gefen dama ta wajen Aboabo a Kumasi, trotro (ƙaramar bas ta haya) ya wuce shi kaɗan sai ya karya kwana zai shiga lungu ya kwashe shi, ƙafa ta karye, yanzu direba ya turo dattawan unguwa da sidi 2,000 wai a bar maganar a gida tunda ai bai gan shi ba.

To wannan "ban gan shi ba" ɗin ba hujja ba ce, kusan ma amsa laifi ne. A Ghana wanda zai yi kwana shi ke da nauyin kunna tirafiketa da wuri, ya duba madubi, ya tabbata ba kowa a gefensa, Dokar Hanya ta 2004 (Act 683) ta hukunta tuƙin sakaci, kuma mai keke na da haƙƙin titi kamar mai mota. Amma kar in ɓoye miki, in ya kasance yaron ne ya kutsa ta dama alhali motar ta riga ta ba da sigina, ko dare ne ba fitila a keken, kotu na iya raba laifin ƙarƙashin dokar biyan diyya ta 1963 (Act 176). Rage diyya ake yi gwargwadon nasa sakacin, ba hana shi ake ba.

Kar ki sa hannu a kowace takarda tukuna. Dattawa a girmama su, a ce musu sai likita ya gama magana, don karayar ƙafa wani lokaci sai bayan wata shida ake sanin ko zai ɗingisa, kuma 2,000 ko kuɗin hoto da magani ba lallai ta kai ba.

Ki je ofishin MTTD, sashen 'yan sandan kula da hanya, a rubuta rahoto, a ba ki fom ɗin likita na 'yan sanda, ki adana duk rasit ɗin asibiti har na pragya (babur mai ƙafa uku) da kuke hawa zuwa asibitin Komfo Anokye. Keken ma kar a kai shi gyara, a ɗauke shi hoto yadda yake, inda ya lotse shi ke nuna ta ina aka buge shi. Masu shago a bakin lungun nan su ne shaidunki, a nemi lambarsu yanzu kafin a fara "ni ban ga komai ba".

Kuɗin kuma ba daga aljihun direba kaɗai zai fito ba. Tun 1958 doka ta wajabta wa kowace mota inshora saboda irin wannan, can za a nemi diyya. In motar ba ta da inshora, hukumar kula da inshora ta ƙasa (NIC) na da asusun tallafa wa waɗanda aka buge. Ƙarar rauni shekara 3 ce wa'adinta, amma ni dai ba na son ki kai wata 3 ba ki motsa ba. In kuɗin lauya ne damuwa, ki je ofishin Legal Aid, masu taimaka wa marasa hali da lauya, da ke nan Kumasi da takardun duka.